Hannun da ke Bangon Littafin

Ma'aikatarmu ta canza suna sau biyar, kuma ni ke riƙe da takardun duka biyar ɗin a ɗakin ajiya na ƙasan bene, inda fanka ke juyawa in ta ga dama. Da farko Ma'aikatar Wutar Lantarki ce. Aka haɗa ta da ma'adinai, aka raba, aka liƙa mata ruwa, aka sake ɓamɓarewa, kafin a tsaya a kan Makamashi. Kujerar minista dai ɗaya ce, ko teburin ba a canza ba. Wanda ya fara zama a kanta, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, mahaifina ne.

Shi ya sa da aka ce za a yi biki a buga littafin tarihin ministocin, na karɓi aikin hannu bibbiyu. Wata uku ina shaƙar ƙurar fayil har na fito da suna goma sha bakwai, kowa da ranar rantsuwarsa da ranar saukarsa, Baba a sama. Na kai wa babban sakatare, wanda muke kira Kawu duk da ba mu haɗa jini ba. Baba ne ya ɗauke shi aiki yana sabon injiniya mai wando ɗaya, kuma a gidanmu ya zauna har ya yi aure.

Kawu ya yaba aikin har na ji kunya. Da ƙafarsa ya zo gida, ya durƙusa ya gaida Baba, ya roƙi hoto don littafin. Baba ya sa aka ciro wanda ya fi ji da shi, na ranar da aka kunna tashar wuta ta farko, yana tsaye hannunsa a kan makunnin. Kawu ya yi alkawarin turo mota ranar biki. Tun daga nan Baba, mai shekara tamanin da huɗu, ya hana tela sakat, ya kuma shirya jawabin minti biyar da nake saurara kullum har na haddace.

Saura sati biyu a yi biki takardata ta dawo, an ja jan biro a kan sunaye uku na farko. Na hau bene ko numfashi ban tsaya yi ba. Kawu ya ce in zauna, ya yi min bayani a tsanake, wai kwamiti ya yanke cewa tarihi zai fara ne daga ranar da kalmar Makamashi ta shiga sunan, shekara talatin cif, kuma talatin ta fi daɗin faɗa. Abin da bai faɗa ba na san shi, tunda ni na jera sunayen. Na huɗu mahaifin ministanmu na yanzu ne, ga shi ya zama na ɗaya.

"Kawu, mutumin da kuka goge shi ya koya maka sa hannu a fayil."

"'Yata, wata takwas ya rage in yi ritaya. Ki bari in sauka lafiya."

Na ce to a ba ni hoton. Ya ce yana maɗaba'a. Raina ya ɓaci, na fito ban yi masa sallama ba. Amma ni ma da laifina, don na kasa gaya wa Baba. Kullum sai in ce gobe.

Ranar biki na bar shi a falo cikin sababbin kaya, maƙwabcinmu na zaune kusa da shi zai raka shi. Na je zauren taro ina fatan ko Kawu zai ji kunya ya tura motar. Bai ko kalli inda nake ba. Na karɓi littafi ɗaya na dawo da azahar, na same su yadda na bar su.

Hoton Baba ne a bangon littafin, an yanke shi duka, sai hannu da makunni. Baba ya kai littafin dab da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Agogona ne wannan," ya ce. "Karanta min sunayen."

Na karanta goma sha huɗu. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaya wa ya tattara, na buɗe shafin farko. Ban ga kwamiti ba, ban ga Kawu ba. Sunana ne kaɗai, da manyan baƙaƙe.

"Ke ce?"

"Baba, ba haka na rubuta ba."

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce sati biyu. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya juya wurin maƙwabcin ya ba shi haƙurin ɓata masa yini.