Daga Mali Aka Kawo Ta

Malam Abdulmannan haifaffen Haɗeja ne, amma abin da ya haɗa shi da kogin garinsu bai wuce tarwaɗar da ake soya masa ba. Ko ƙafa bai taɓa tsomawa ba. Duk da haka shekara huɗu ya kwashe yana rubuta littafi a kan masuntan da suka rayu a bakin kogin nan shekara ɗari shida da suka wuce. In ya taso daga makarantar da yake koyarwa, sai ya baje takardu a zaure, ya hana matarsa daka, ya hana kowa tari, wai ya tafi zamanin da, kada a dawo da shi. Mutumin da ba ya bambance karfasa da ragon ruwa sai an dafa, shi ne yake tsara wa masuntan dauri yadda za su yi kamun kifi.

Littafin nan kaf a kan kalma ɗaya ya tsaya. Wata rana a kasuwar kifi ya ji ana maganar mali, ya tambaya, aka nuna masa. Wani kwando ne na tsumagiya da aka lulluɓe da raga, a zuba dusa a ciki a nutsa shi a ruwa. Bai ƙara tambaya ta biyu ba. Ya koma gida, ya ce ya gano abin da ya gagari malaman jami'a: ashe tun zamanin Daular Mali akwai zumunci tsakaninta da mutanen Auyo, tsohon garin nan na ƙasar Haɗeja, ga shaida nan a bakin masunta. Nan take ya ƙirƙiro wani falke da ya taho da ayari daga yamma, ya tarar yunwa ta durƙusar da Auyo, ya koya musu saƙa mali, gari ya farfaɗo. Shafi ɗari uku da ashirin ya ɗora a kan wannan. Ya karanta babi bayan babi a taron marubuta, aka yi ta tafi, don su ma 'yan taron a faranti suka san kifi. A gabatarwa kuwa ya rubuta cewa labarin ƙirƙira ne, amma asalin mali gaskiya ne, kuma shi ya fara bankaɗowa. Da za a cire wannan jimlar, da littafin da mai littafin duk sun zube.

Saura kwana uku ya kai aikin maɗaba'a a Kano, sai ya ga ya kamata a samu maganar wani tsohon masunci a bangon baya. Ba don yana neman sani ba, sani ai ya gama. Ado kawai yake so. Aka kwatanta masa Baba Mala a wajen Guri, wanda aka ce babu wanda ya kai shi daɗewa a ruwa. Ya shiga mota, ya sauka ya hau babur, ya isa da hantsi yana toshe hanci da hankici saboda ƙarni.

Ya tarar da tsohon a gindin gawo yana ɗinke raga. Bayan gaisuwa ya kunna waya don naɗar murya, ya ajiye ta a kan tabarma, sannan ya shiga yi wa Baba Mala lacca a kan ayari da fatake da yadda masunta suke rayuwa a da. Tsohon ya yi ta gyaɗa kai irin na mai haƙuri da baƙo. Sai da Malam ya gaji don kansa ya nuna mali guda da ke jingine, ya ce, “Baba, wannan ai tun kaka da kakanni kuke da ita, ko?”

“Wane kaka? A gabana ta zo.”

Malam ya yi dariyar yaƙe, ya ce wataƙila Baba bai fahimci tambayar ba. Baba ya fahimta sarai. Ya ce wasu masunta ne su biyar suka zo daga ƙasar Mali a wata shekara da ruwa ya yi ƙaranci, ko Hausa ba sa ji. Aka yi ta yi wa kwandunansu dariya, har ranar da aka ga kifin da suke fitarwa, sai dariya ta koma roƙo. Shi da kansa a hannun ɗaya daga cikinsu ya koyi saƙar. Kafin nan, in ji shi, mutum gora yake hawa ya kwanta a kai da ciki, ya bi ruwa da ragar homa a hannu, kuma ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa ganin mali ba. Shekarar kuwa ba zai manta ba, don a cikinta aka haifi 'yarsa Mairam. Ya nuna ta da baki, tana can tana juya kifi a kan banda. Matar ko hamsin ba ta kai ba.

Kunya ta kama Malam, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba, don ya san tsohon nan ba ƙarya yake yi ba. Ya dubi ragar da ke jikin kwandon da kyau a karo na farko, ya ga zaren roba ne. Ya lalubo wata dabara, ya ce ai mai yiwuwa an taɓa yin ta a da, ta ɓace, sannan ta dawo. Baba Mala ya ce Allah ne masani, shi dai abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Ga labari na gaske a gabansa kyauta, da baƙi biyar, da gora, da mutanen da suka haɗiye dariyarsu. Marubucin kirki da ya gyara zama ya ce Baba ci gaba. Amma Malam ba labari yake ji ba, tafin 'yan taro yake tunawa, da yadda za su dube shi in ya ce shekara huɗun nan shirme ya yi. Ya ɗauki wayar, ya ɗan daddanna, ya goge duk abin da ta naɗa, sannan ya sake kunnawa.

“Baba, muryar ba ta fito ba. Sake faɗa min a taƙaice, daga ina aka kawo ta?”

“Daga Mali aka kawo ta, shekarar da…”

Malam ya danna wayar, ya katse naɗin. Tsohon ya ɗago ya dube shi.

“Ban gama ba, Malam.”

“Ya isa haka, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya yi sallama. Har ya kai wajen mai babur sai ya tsaya, ya dawo da baya kamar wanda ya manta takalmi. Ya tambayi Baba ko yana karatun boko. Baba ya ce ina, allo kawai ya yi. Ya ce Mairam fa? Aka ce ita ma haka.

Malam Abdulmannan ya sauke ajiyar zuciya, ya yi alkawarin zai aiko musu da littafin in ya fito.