Inda Jan-baki Ke Kwana

Da aka ba da hutun makaranta, abokan aikin Malam Zaharaddeen masu hali suka kwashi 'ya'yansu zuwa Abuja don su hau matakalar da ke tafiya da kanta. Shi kuwa ya sanar da iyalinsa cewa za su je ƙauyen Kawu Hammadu, kawun matarsa Zulai'atu, a bakin kogi kusa da Shanga. Daga Yelwa, tafiyar ba ta kai yaro ya yi barci a mota ba. Ya sa wa abin suna yawon buɗe ido. Zulai'atu ta ce a gidansu zumunci ake kiransa, kuma da sabulu da sukari ake zuwa.

Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada wanda ya ambaci tsuntsu.

Yana da dalili. Ma'aikacin ofishin gona ne, kuma tun da shinkafar rani ta fitar da kai jan-baki suka sauka a kanta. Tsuntsu ne da bai kai dunƙulen hannun yaro ba, sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. An ɗauko hayar jirgin feshi yana zaune a Birnin Kebbi, amma jirgi ba ya bin tsuntsu gona-gona. Sai an gano inda suke kwana, ya zo da magariba ya same su a tare. Gano wurin nan shi ne aikin Zaharaddeen. Ya yi makonni a kan babur yana bin fadamu, ya gano makwancin sauro kala-kala, bai gano na jan-baki ba. Ranar Litinin wa'adin jirgin zai cika. Da ya ga abin ya gagara, sai ya tuna cewa Asabar da Lahadi dai nasa ne, kuma yana da 'ya'ya.

Tun kafin su shiga gari sharaɗin ya karye. Gonakin bakin hanya duk an zarga musu igiyoyi, an rataya gwangwanaye da tsummoki, mutane a kan rumfunan itace suna ja suna ihu.

“Abba, biki ake yi?” in ji Wakili, ɗan shekara huɗu. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake kiransa da laƙabin tsohon.

“Tsuntsu suke kora,” in ji yayarsa Nusaiba, wadda ta shekara bakwai kuma ba ta barin tambaya ta wuce ta. “Waɗanda Abba ya kasa ganowa.”

Zulai'atu ta juya fuska wajen taga.

Kawu Hammadu ya tarye su a ƙofar gida yana motsa baki, murya ba ta fita sai iska.

“Kawu, mura kuke yi?” Zulai'atu ta tambaya bayan ta durƙusa.

“Ba mura ba ce, ɗiyata. Kuwwa ce.”

“Garin ga duk haka muke,” in ji matarsa Inna Balaraba, ita ma cikin raɗa. “Liman ma jiya wani anka sa ya ja sallah, don ko sahun farko ba su jin shi.” Ta kama hannun Wakili. “Maigida, haka ake yi? Ka zo wurin matarka ba ko ƙullin gishiri?”

“Ni ba mijinki ba ne. Ba ki da haƙora.”

“Kai ka ci su da rashin cefane.”

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Kawu ya tambayi Zaharaddeen aiki, ya ce alhamdu lillahi, Kawu ya ce madalla, bai ƙara ko kalma ba. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Daga bakin Inna Balaraba suka ji cewa gonarsu ta gabas ta tafi, saura ta bakin ruwa, kuma ita ce abincin gidan na bana.

Bayan la'asar maƙwabcinsu Ɗangana ya ɗauke su a kwale-kwalensa mai inji zuwa wani tudun yashi da janyewar ruwa ta fitar a tsakiyar kogi. Zulai'atu ta ƙi shiga sai da aka aro rigunan ruwa. Wakili ya ɓace a cikin tasa, sai kai da ƙafafu kamar kunkuru. Yaran a bakin kogin nan aka haife su, amma iyakar saninsu da shi tashar jirage ta kasuwar Yelwa, ta tsakanin buhunan albasa. Ba su san yana da faɗin da murya ba ta tsallake shi ba. Suka yi gudu a kan yashi, suka tono ƙwaryar kifi, Nusaiba ta gina gida har da bayan gida. Zaharaddeen ya kishingiɗa ya ji cewa lallai shi uba ne nagari, kuma a kan araha.

Da za a koma aka rasa takalmin Wakili ƙafa ɗaya. Ya binne shi ne don kada kifi ya ɗauka, ya kuma manta wurin. Kafin a tono shi rana ta yi ƙasa. Ɗangana ya ce bari su yanke ta bayan wani gungu, wato tsibiri, duk da ba a cika bi ta nan ba saboda ƙayar ƙaidaji tana yaga komar masunta. Suna shiga lungun, ciyawa ta naɗe farfelar inji, ya yi tari ya mutu. Ɗangana ya tuɓe hula ya sunkuya yana warwarewa.

“Abba, gobara,” in ji Wakili.

Can yamma, sama da gonaki, wani hayaƙi ne baƙi ya tashi. Zaharaddeen ya buɗe baki zai ce ƙona ciyawa ake yi, sai hayaƙin ya juya ya fuskanci iska.

Ya taho yana miƙewa kamar ana warware turmin atamfa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya naɗe, ya buɗe, ya yi siriri har ana ganin jan rana ta cikinsa, sannan ya dunƙule ya yi baƙi ƙirin. Wani ya ɓullo daga arewa, wani daga bayan kukoki, wani ya biyo fuskar ruwa ƙasa-ƙasa, suka haɗu ba tare da ɗaya ya bangaji ɗaya ba. Kafin su iso ƙararsu ta riga su, irin ta ruwan sama a kan kwano tun yana unguwar maƙwabta. Daga nan suka rufe kwale-kwalen.

Haske ya ragu kamar an ja labule. Iskar fukafukai ta taɓa musu fuska, mai ɗumi, mai warin ƙaiƙayi. Ruwan lungun a kwance yake, don haka abin da ke sama yana ƙasa, jirginsu yana rataye a tsakanin baƙi biyu masu motsi. Ɗangana ya saki farfela ya zauna. Leɓensa na tasbihi, ba a jin komai. Kashin tsuntsu ya fara sauka kamar yayyafi. Zulai'atu ta lulluɓe Wakili da mayafi, ta duba sama, sai ta janye mayafin ta ɗaga masa haɓa da yatsa.

Wani shaho ya faɗo cikinsu daga sama. Rami ya buɗe masa, zagayayye kamar bakin rijiya, ya wuce ta ciki bai taɓa ko gashi ba, ramin ya rufe.

Zaharaddeen ya yi rubutun kammala digiri a kan wannan tsuntsu. Ya rubuta kalmar miliyan a takarda sau da yawa, har an yaba masa. Yanzu yana zaune da kashin tsuntsu a kafaɗar shaddarsa, bakinsa a buɗe kamar na ɗansa, ya nemi wata kalma daga cikin waɗanda aka koya masa, babu wadda ta zo. Abin da ya zo shi ne abin da kakarsa ke faɗa idan an yi tsawa, shi kuwa ya faɗa.

Sai suka fara sauka. Gefe guda na baƙin ya lanƙwaso ya zubo cikin kyauron gungun, kamar ana juye gero a rumbu, yana zuba yana zuba, rumbun bai cika ba. Kyauro ya sunkuya har ya sha ruwa. Ƙaidaji ya yi baƙi. Da sama ta washe, sai tsibirin duka ya ɗauki surutu, ƙananan bakuna marasa iyaka kowa yana ba da labarin gonar da ya ci.

Nusaiba ta matso ta sa baki a kunnen ubanta, don ba a jin magana sai haka.

“Abba, su ne?”

“Su ne.”

“Nan ne gidansu?”

“Nan ne.”

Ta san aikinsa. Ta sha jin sa yana waya a kan jirgin feshi da magani. Ta kama hannun rigarsa.

“Kada ka faɗa wa jirgin.”

Ya dubi hannunsa na dama. Wayarsa tana ciki, kuma babban yatsansa ya riga ya danna alamar wurin a taswira, bai san lokacin ba. Ya mayar da ita aljihu.

“Bari mu isa gida tukuna, Mamana.”

A hanya Ɗangana ya ce gobe za su zo da raga su kama na suya, amma Malam ya sani, raga ba ta rage wannan. Nusaiba ta harare shi har bakin gaɓa.

Da asuba Zaharaddeen ya shirya dabara irin ta masu ilimi. Zai kai yarinya gona ta gani da idonta, ta fahimta, ta ce Abba kira jirgi, shi kuma ya kira da zuciya fara, kowa ya ƙaru. Ya tashe ta suka bi kunya-kunya zuwa gonar bakin ruwa. Kawu Hammadu yana can ƙarshe yana kaɗa tsumma a kan gora. Inna Balaraba tana kan rumfa, igiya a hannu biyu, tana ja gwangwanaye na ƙara, tana buɗe baki ba abin da ke fita. Idan ta kori tsuntsayen daga wannan kusurwa sai su tashi kaɗan, cikin ladabi, su sauka a waccan.

Ya tsinko zangarniya ɗaya ya miƙa wa Nusaiba.

“Murza.”

Ta murza. Ƙaiƙayi ne, ba ƙwaya. Ta murza wata, farin ruwa ɗan kaɗan ya fito, ragowar abin da aka tsotse.

“Kin ga tafin hannun Inna?”

Ta gani. Igiya ta yanka shi, an ɗaure da tsumma. Nusaiba ta daɗe tana kallo. Zaharaddeen ya gyara tsayuwa yana jiran sakamakon darasi.

“To a ba su wani abincin mana,” ta ce.

“Wa zai ba su?”

“Gwamnati.”

“Ko mu ba ta gama da mu ba.”

“To a bar musu wannan gonar, a sayo wa Inna shinkafa a kasuwa.”

“Ta kasuwar daga nan take zuwa.”

Ta dubi ƙaiƙayin da ke hannunta. Ba ta ce ya kira ba, kuma ya ga alamar ko za su kai azahar a tsaye ba za ta ce ba. Ya yi tunanin ya ce mata zai zagaya, ya kira a bayan rumfa, ta koma Yelwa da uba mai tausayi. Ba ta karanta jarida, ba za ta taɓa sani ba. Ya dubi rumfar, ya dubi yarinyar, ya ciro wayar a gabanta.

Ya gaida ogansa, ya ce an samu, zai turo alamar wurin yanzu. Ya ce a gargaɗi masunta da masu shanu su nisanci gungun. Daga can ogan ya yi ta sa albarka da ƙarfi har ana ji daga waje. Nusaiba ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa kuka ya shirya wa.

“Yaushe zai zo?”

“Gobe da magariba.”

“Dukkansu?”

“Ba duka ba. Amma da yawa.”

Ta zubar da ƙaiƙayin da ke hannunta, ta goge a jikin zane.

“Yau suna nan ke nan.”

“Suna nan.”

“To a mayar da mu gungun mu gan su.”

Niyyarsa su kama hanya bayan azahar, don akwai guga da shirin ofis. Zulai'atu ta dube shi sau ɗaya, ta sauke jakar da ta riga ta ɗaure. Kawu Hammadu da ya ji labarin jirgi ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi ta motsa baki, Zaharaddeen ya yi ta cewa amin ba tare da ya ji addu'ar ba.

Da yamma Ɗangana ya kashe inji da kansa a bakin lungun, ya kafa gora ya riƙe kwale-kwalen. Nusaiba ba ta zauna kusa da ubanta ba. Ta wuce can gaba ta ja Wakili ta zaunar da shi a tsakanin ƙafafunta, ta bar wa Zaharaddeen ƙeyarta da kitson da ya fara tsufa. Ya zauna a baya shi kaɗai, a matsayin ma'aikacin da ya yi nasara.

Rana ta sauka kan kukoki. Can yamma baƙin ya tashi, ya miƙe, ya juyo. Wakili ya fara wasa da igiyar rigar ruwansa. Yayarsa ta kama kansa da hannu biyu ta ɗaga sama.

“Bar wasan nan,” ta ce. “Ka duba da kyau.”