Taya Kan Taya

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a bakin hamada ya san Sha-Yashi, in bai gan shi ba ya ji labarinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana ratsa rairayi da tsohuwar motarsa mai jan taya huɗu. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta a bango wucewa zai yi. Amma ɗaure masa ido ka zuba masa yashi a tafi, zai murza ya gaya maka inda kuke. Sau uku ana zaman makokinsa yana dawowa ya tarar da jama'a, har ya tambayi wa ya rasu.

Abin da ya fi taƙama da shi wata hanya ce da ta ratsa wurin kiwo, mai rage wa matafiyi yini guda cur. Ba tsintar ta ya yi ba. Tun yana da baƙin gashi lagireto ya fashe masa a tsakiyar daji, ya kwana uku ba ruwa, harshensa ya koma kamar tsohon takalmi. Wani makiyayi ya tsince shi, ya yi jinyarsa har ya miƙe, sannan ya nuna masa hanyar.

"Ciyawar nan ita ce ran dabbobinmu," in ji Makiyayi. "Inda taya ta murje, sai ta shekara uku ba ta tsiro ba. Ka bi sawu ɗaya, taya kan taya, zuwa da dawowa. Kuma motarka kaɗai."

Sha-Yashi ya dafa ƙirji. Shekara talatin sawu ɗaya ne a wurin, siriri kamar an ja zare.

To, akwai ƙanen matarsa, Bakanike, wanda shi ke duba masa motar tun tana da fenti. Wata rana ya gyara giya, ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu da tsumma.

"Yaya, giyar nan sai na ji kukanta a cikin yashi. Gobe da ni za ka."

"Kai da ko tsallaka kwalta sai an riƙe maka hannu?"

"Ai ga ka. In na mutu kai za ka yi wa yayata bayani."

Da suka bar kwalta, Bakanike ya jingina wayarsa a jikin gilashi, ya ce caji yake yi. Can ya soma tsokana.

"Yanzu fa, Yaya, zamaninku ya wuce. Waya ta san kowace hanya."

"Wayar taka ta taɓa jin ƙishirwa?" Sha-Yashi ya bugi goshinsa. "Hanyar nan a nan take. Ɓarawon da zai sace ta sai ya sare wannan kan."

Daga nan baki ya buɗe. Nan ake rage iskar taya. Ga tsagaggen dutse, ta damansa ake bi, hagun kamar ƙasa mai ƙarfi amma ɓawo ne, ƙarƙashinsa gari. Wancan tudun da giya ta biyu ake hawansa, kada ka ɗaga ƙafa ko uwarka ce ta kira ka. Rijiya tana bayan bishiyoyin ƙaya uku. Bakanike yana ta "Kai, Yaya, ba dama!" yana ɗan taɓa wayar da yatsa. Tsoho ya ji daɗi har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba.

Bayan ruwan farko, ciyawa ta fito ɗanya shar, Sha-Yashi ya ɗauko gishirin dabbobi ya nufi wurin Makiyayi. Yana kewaya tsagaggen dutse ƙafarsa ta sauka a birki. Sawu ne ko'ina. Ya ƙirga tara ya daina. Wasu sun yi da'ira, wasu sun haye tudu sun gangaro, sun tone tsiron sun kifar da shi saiwa sama. Mutumin da ya kwana uku ba ruwa bai yi hawaye ba, ranar sai da ya goge ido da hannun riga.

A bakin rijiya ya same su. Sababbin motoci goma sha biyu masu manyan tayoyi, na masu hali da suka fito shan iska, suna ɗaukar hoto suna dariya. Ɗaya ta yi baya ta rushe bakin rijiyar, ƙasa ta zube ciki. Tumaki na tsaye nesa suna kuka. A kan motar gaba ga Bakanike zaune, da baƙin tabarau, waya a hannu.

"Sauko," in ji Sha-Yashi.

"Yaya, sannu da hanya." Ya juya ga masu halin. "Ranku ya daɗe, ga ubangidan nawa da nake ba ku labari."

"Caji ka ce kana yi."

Bakanike ya cire tabarau, ya rage murya. "Hanya ta Allah ce, Yaya. Shekara talatin kana cin ta kai kaɗai, ni ina ƙarƙashin motarka ina shan baƙin mai. Kuma ban sare maka kai ba. Da bakinka ka faɗa, waya ta zana."

Da wani ne da ya sha mari. Amma wannan a gidansa ya girma, da cokalinsa ya ci abinci. Sha-Yashi ya juya, sai ga Makiyayi ya dogara sanda, ya tsufa har ya ranƙwafa. Bai ɗaga murya ba.

"Waɗannan ban san su ba. Wancan ma ban san shi ba. Kai na sani."

"Baba, wallahi ban..."

"Fitar min da su. In ka bar su, kowa ta inda ya ga dama zai fita."

Sha-Yashi ya sauke gishirin, ba wanda ya ce an gode. Ya daka wa masu halin nan tsawa irin wadda ba su taɓa ji ba, ya jera su a bayansa kamar awaki, taya kan taya, ya ce duk wanda ya kauce da taki ɗaya zai bar shi ga ungulu. Ba wanda ya kauce.

Da suka isa tsagaggen dutse, mutanen Makiyayi sun riga su ta hanyar yanke, suna jawo rassan ƙaya suna toshe hanyar. Motocin suka wuce, Bakanike bai waiwayo ba. Sha-Yashi ya kashe injin, ya sauko, ya kama reshe mafi girma, wanda ƙarti biyu suka kasa ɗagawa, ya ja shi kan tsohon sawunsa. Ƙaya ta tsaga masa tafi. Saura ƙofa ɗaya, daidai faɗin mota. Ya dubi Makiyayi.

"Rufe," in ji Makiyayi. "Kai ma kana daga waje."