Ƙulle-ƙullen Igiyar Guga

Tun shekarar da titi ya iso bakin fadama garin ya canza kama. Motoci suka fara shigowa ɗaukar tumatir da albasa, kwanon rufi ya yawaita, masu gyaran inji suka kafa rumfuna a filin da ake sussuka a da. Cikin waɗanda zamanin ya karɓa har da wani manomi da a baya gero da dawa kaɗai ya sani. Yanzu kowa Mai Inji yake ce masa, domin shi ya fara haƙa burtsatse a lambunsa ya ɗora masa injin ban ruwa. Matar yayansa marigayi ce kawai ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Har gobe Auta take ce masa, ko da yake furfura ta cinye masa gemu.

Lambunta na jikin nasa, shinge ne ya raba su. Ƙaramin fili ne na alayyafo da latas da ɗan karas, a tsakiyarsa akwai rijiyar da mijinta ya haƙa da hannunsa. Da guga take ban ruwa, kuma da wannan fili take riƙe kanta ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. A ranin nan latas ɗinta ya fara ƙonewa daga gefe. Duk lokacin da ya tambaye ta, sai ta ce rijiyar ce ta tsufa kamar mai ita.

Ana cikin haka injin ya lalace, mai gyara kuma ya ce sai an kawo kayan gyara daga birni. Da ya rasa abin yi, sai ya tsallaka shinge wata safiya ya karɓi gugan daga hannunta. Ta yi masa tsiya cewa amaryarsa ta ƙarfe ta yi yaji, shi ya sa ya tuna da tsofaffin gida. Ya yi dariya, ya zura gugan, nan da nan ya ji ya taɓa ruwa. Sauran igiyar na nan tuli a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya sunkuya ya duba. Igiyar yayansa ce ta asali, an ƙulla mata wata sabuwa, an ƙara da igiyar ɗaure akuya, a can ƙarshe kuma ƙyallen tsohon zane ne aka murɗa. Ya ci gaba da jan ruwan.

Ranar da aka gyara injin ya tayar da shi da asuba kamar yadda ya saba, amma bai tafi wajen magudanan ruwansa ba. Ya tsaya a bakin shinge yana kallon matar yayansa tana jan ruwa. Kafin rana ta ɗaga, igiyar da take zurawa ta wuce ƙullin farko. Da hantsi zanen ne a hannunta, ta duƙa har kafaɗarta ta shiga bakin rijiyar, gugan kuma ya fito rabinsa laka.

Sai a nan ya gane. Ruwan da ya yi masa rufin kwano, ya aurar masa da 'ya'ya, ashe ta ƙarƙashin shinge yake janyo shi.

Da ya same ta, ya ce zai jawo mata tiyo daga injin har cikin lambunta, ta huta da guga gaba ɗaya. Ta gode masa, ta sa masa albarka, sannan ta ƙi.

"Auta, kai za ka ba ni, na sani. Amma injin nan wata rana na 'ya'yanka ne, ni kuwa ba zan iya tsayawa a bakin shinge ina jiran a tuna da ni ba. Rijiyar nan tawa ce."

"To me ya hana ki gaya mini tun tuni, Yaya?"

"In ce maka me? Ka daina arziki?"

A gida ya ce daga yanzu ba za a tayar da injin da safe ba, babban ɗansa kuwa ya kasa gane maganar. Ruwan rijiyar kan taru ne idan inji ya yi shiru, saboda haka in har za a bar mata safiya, sai bayan azahar za su tayar da shi, kuma ruwan yamma ba zai kai sabon filin da suka share domin barkono ba. Ɗan ya tuna masa cewa an riga an yi huɗa, irin ma ya tsiro a gandun reno. Uban ya amsa cewa duk ya sani. Ya ce a ba maƙwabta irin barkonon, filin kuma a bar shi sai damina a zuba masa gero, kamar yadda shi da yayansa suka saba.

Washegari fadamar ta tashi da ƙarar injinan mutane, nasa na rufe da buhu. Ya zauna a kan kututture kusa da rijiyar, hannunsa na ƙaiƙayin aiki, idonsa na komawa kan filin barkonon da ke kwance a bushe. Ita kuwa tana ta kai da kawo tsakanin rijiya da latas. Can ta zauna a gefensa, ta jawo igiyar kan cinyarta, ta sa haƙori ta kwance ƙyallen zanen. Igiyar akuyar ta bar ta tukuna, ta ce sai ta ga kamun ludayin amaryar tasa.