Zane Biyu a Jikin Bango

A jikin bangon ɗakin Kaka akwai zane iri biyu. Na gawayi shi ne inda ambaliya ta tsaya kowace shekara. Na alli kuwa tsawon jikarta ne, 'yar shekara huɗu, wadda uban ya bar mata ya tafi birni dako. Ƙawata take ce mata.

Tun da ruwan bara ya cinye gona, masu agaji ke turo tallafi ta waya, uban yarinya ma yana aiko abin da ya samu. Kaka ba ta san almubazzaranci ba. Kaji takwas ta saya. Duk ƙwan da suka saka sai ta jera a kwando ta kai bakin titi, cinikin kuma ta miƙa wa mai bulo. So take ta ɗaga daɓen ɗakin kafin damina.

"Kaka, ɗaya tak," in ji yarinya, tana leƙen kwando.

"Ke, Ƙawata, wa ya ce miki ƙwai ne? Bulo ne, bai dai bushe ba."

Ran nan malamar asibiti ta zo zagayen gida-gida. Ta naɗa wa yarinya ma'auni a damtse, ta daɗe tana kallo.

"Inna, me take ci?"

"Abin da nake ci. Ga ni kuma ban mutu ba."

"Ai ke kin gama girma, Inna. Ita yanzu ta fara. Kajin can na waye?"

"Na ginin ɗaki ne. Ke ba ki ga daren da na goya ta ruwa har ƙugu ba, shi ya sa."

Malama ba ta ja da ita ba. Ta ce za ta dawo bayan mako biyu, ta ɗauki jakarta.

Kaka ta yi tsaki, ta ce yaran zamani, komai sai sun auna. To, ita ma tana da nata ma'aunin. Ta ɗauko alli, ta jingina yarinya da bango, ta ɗora mata tafin hannu a ka. Allin ya sauka daidai kan zanen bara.

"Miƙe sosai, daina lanƙwashewa."

"Na miƙe, Kaka."

Ta sake gwadawa. Nan dai. Ta dubi 'yan ƙafafun nan kamar sillen kara, ta dubi bulon da ta tara a tsakar gida, ya kai mata ƙirji. Shekara guda, bulo ne kaɗai ya yi tsawo a gidan nan.

Can sai ga mai bulo ya turo amalanke, yana sallama.

"Inna, yau guda nawa za a sauke?"

"Ko ɗaya."

"Damina fa ta matso."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. In ruwa ya zo ma hau tudu, kamar bara. Juya abinka."

Ta hura wuta, ta dafa ƙwai biyu, ta zauna bakin ƙofa tana ɓarewa. Yarinya ta tsuguna gabanta, ta kasa miƙa hannu.

"Kaka, bulo zan ci?"

"Ci, kar ki cika ni da surutu. Gobe ma akwai."