Mastan Birkin Labaran

Ranar da Nazifa ta fita takaba, ko lallen hannunta bai bushe ba, wan mijinta Mas'udu ya yi sallama a zaure yana neman makullin mota.

Motar tsohuwar Fijo ce mai bodi, ta girmi auren Nazifa nesa ba kusa ba. Da ita mijinta Labaran yake kwasar matan Maradun da buhunan gero zuwa kasuwar Talata Mafara. Wata Litinin ya kai ta wurin Mas'udu, don shi ne bakaniken gidan, ya ce masa birki yana nutsewa. Washegari a gangaren da ke gaban gada birki ya ƙi ci, ga garken shanu a kan titi, ga mata tara a baya. Labaran ya karya kan motar ya ba wata bishiyar marke. Matan duk sun tashi da ƙafafunsu. Shi sitiyari ya daki ƙirjinsa, kwana biyu ya yi a asibiti ya cika.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Nazifa ma ta faɗi haka, amma wata huɗu da kwana goma makullin yana ƙulle a bakin zanenta.

"Na buge gaban ya miƙe, na sa fitila," in ji Mas'udu. "Talata za ta koma aiki. Ba ni makulli."

"Birki fa, Yaya?"

"Birki lafiya lau."

"Irin lafiyar waccan Talatar?"

Ya ja tsaki. "Ke mi kinka sani ga mota? Ko tukunyar tuwo ce?"

Ta shiga ɗaki ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Tunkiyarta ta sayar, ta aika wa wanta da ke Bakura ya nemo mata sabon masta, wato ƙarfen nan da ke cikin bonet mai tura mai zuwa ƙafafu huɗu in an taka birki. Ba a makaranta ta san shi ba. Shekara goma sha biyu ita ce ƙafar Labaran. Duk sanda zai fitar da iska daga birki, shi yana kwance ƙarƙashin mota, ita tana kujerar direba, yana kira: taka, riƙe, saki.

"Ga shi. A ɗaura, ni in taka. In ya tsaya, ga makulli."

Gwaggo, uwar su Mas'udu, tana tsakar gida tana dunƙula daddawar da take kaiwa kasuwa. Kujerar gaba tata ce duk Talata tun Labaran yana da rai, ranar hatsarin ce kawai ba ta je ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wagga yarinya, ba ki barin ɗana ya kwanta lafiya a kabari? Kullum tone-tone, sai ka ce kaza."

"Ku yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙurin mi? Ni na haife shi, na yi shiru. Ke da kinka same shi da gemunai kin fi ni zafi?"

Mas'udu ya fizgi kwalin ya fita.

Da hantsi washegari ya leƙo ya ce an gama. Nazifa ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida, inda motar take ƙarƙashin dogonyaro. Gwaggo ta biyo ta, wai ta ga ƙarshen fitina. Nazifa ta shiga ta zauna. Kujerar har yanzu da ramin zaman Labaran. Ta tuɓe takalmi, don ya sha gaya mata takalmi yana yi wa ƙafa ƙarya. Ta taka sau uku ta riƙe.

Da farko birkin ya tsaya. Can sai ya fara tafiya ƙasa a hankali, kamar ƙafa a laka.

"Buɗe bonet, Yaya."

"Ba ki da aiki ne?"

Ta fito ta buɗe da kanta. Mastan yana ƙyalli, an wanke shi da fetur tas. Amma a wuyan murfinsa ga zaren tayar keke da Labaran ya ɗaure don kada ya faɗi, ƙulli biyu, irin ƙullinsa. Ta cire murfin. An cika da man birki, sai dai takun da ta yi ya taso da abin da ke cikin bututu. Farar kumfa ce a sama. Ta dangwala ta murza, ta kai hanci. Wanki take yi tun tana 'yar shekara bakwai.

"Gwaggo, ku sansana."

Tsohuwar ta kau da kai, Nazifa ta bi ta da yatsan har sai da ta shaƙa.

"Ruwan sabulu," in ji Gwaggo.

"Kowane direba na yi in mai ya yanke," in ji Mas'udu, yana kallon taya. "Rannan mai shago ya rufe. Na ce a raina sabulun ya kai Labaran kasuwa kawai, can ya sayi mai."

"Ka gaya mishi?"

Ya shuri tayar motar.

"Na ce ka gaya mishi sabulu ka zuba, ko ce mishi ka yi an gyara?"

"Ke, ki iya bakinki. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Shi ya sa bai duba ba."

Gwaggo ta zauna a kan tushen dogonyaro, ta rasa inda za ta sa hannayenta. Nazifa ta tambayi Mas'udu ina sabon mastan yake. Yana cikin buhun sifanoninsa, ko ledarsa ba a yage ba. Ba sayarwa ya yi niyya ba.

"In na cire wanga," ya ce a hankali, "na yarda ke nan shi ne sanadi. Mi mutanen gari za su ce?"

"Abin da za su ce ran Talata in Gwaggo ta bi Labaran. Ita ce a gaba."

Ya dubi uwarsa. Ba ta dube shi ba. Ya durƙusa ya zazzage buhun.

Ya kwance bututu biyu, ya kwance noti biyu, tsohon mastan ya fito da tsatsa a bakinsa, robar ciki ta kumbura. Ya ɗaura sabon, noti ya faɗi cikin ƙasa sau biyu. Nazifa ba ta taya shi nema ba. Dole sai an wanke bututun duka, kuma dole wani ya riƙa ƙara mai kada iska ta shiga. Gwaggo ta tashi ta ɗauki kwalbar man birki ba tare da an ce mata ba.

Mas'udu ya shige ƙarƙashin mota, ya fara daga ƙafar baya.

"Taka."

Muryarsu iri ɗaya ce, shi da Labaran. Nazifa ta cije leɓe ta taka.

"Riƙe. Saki."

Ruwan wanki mai launin ƙasa ya yi ta tsartuwa a yashi, ƙafa bayan ƙafa, har mai tsantsa ya fito. Ana kiran azahar suka gama ta huɗu. Ta taka sau uku ta riƙe, ta ƙirga ɗari a zuci. Birkin bai motsa ba, kamar ta taka dutse.

Ta kwance bakin zanenta, ta sa makullin a hannun Gwaggo. Sannan ta sunkuya ta ɗauki tsohon mastan, da murfinsa da zarensa.

Mas'udu ya fito yana kakkaɓe baya. "Wanga kuma mi za ki yi da shi? Ba ni in yar."

"Gadona ne," in ji ta.

Ta shiga da shi ɗaki, ta sa a kwalin sabon, ta tura ƙarƙashin gado.