Furar da Kande Ta Dama

Duk wanda ya san Goggo Baraka a Kurmin Sulle ya san ba matsoraciya ba ce. Ita ce ta taɓa fitar da kububuwa daga rumbun gyaɗa da muciya, maza na tsaye daga nesa suna ba ta shawara. Amma a kakar da Dagaci ya rasu, akwatin talabijin ɗin Jibo ya hana ta sakat.

Jibo direba ne. Ya yi shekaru a Fatakwal yana tuƙa wasu 'yan Koriya, da aikinsu ya ƙare suka bar masa talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta da kwali guda na kaset. Ya ɗauko kayansa ya dawo gida, ya girke su a zauren uwarsa. Bayan azahar, in maza sun tafi gona roron wake, sai matan gidan sarauta su hallara, ya tayar da janareta. Ba wadda ke jin yaren. Shi kansa Jibo abin da ya iya bai wuce gaisuwa da "tsaya nan" ba, amma haka zai harɗe yana fassara kamar a can aka yanke masa cibiya.

Wasannin duk na sarakunan da ne. Maza da dogayen huluna baƙaƙe, mata da kitso tibi guda a ka, kowa na sunkuyawa kowa, kowa kuma na haƙa wa kowa rami. Da fari Goggo Baraka dariya take yi. Abin da ya fi ba ta mamaki uwar ɗan sarki ce, wadda ke kama fuskar ɗanta da hannu biyu a gaban jama'a, ta kira sunansa, ta yi kuka.

"Wannan ba ta da kunya," in ji ta. "Jibo, ɗan farinta ne kuwa?"

"Shi ne, Goggo. Su haka suke."

Ta taɓe baki. Ita nata ɗan farin, Hammawa, ya haura arba'in, yana da shanu da 'ya'ya har da furfura a gemu, amma sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta taso ta ga iyayenta Fulani na yi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ko yana jinjiri ba ta goya shi a gaban mutane ba. Kande ce ta goya shi.

Kande faccalarta ce, matar ƙanen mijinta. Shekara ɗaya aka kawo su gidan, ita daga rugar da ke bayan Tudun Kaya, Kande daga Ruwan Bago. Da suka haihu sai suka yi musaya ba tare da shawara ba: Kande ta ɗauki Hammawa, Baraka ta ɗauki ɗan farin Kande, Ɗanmaliki. Duk son da kunya ta hana kowacce nuna wa nata, sai ta juye shi a kan na 'yar'uwarta. Har yaran suka girma, mazajensu suka rasu, abin bai canja ba. Kande na dama wa Hammawa fura mai yaji-yaji yadda yake so, Baraka na turara wa Ɗanmaliki dambun zogale.

To, sai ga Dagaci ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Masu unguwanni suka kai wa Hakimi suna biyu daga gidan sarautar: Hammawa da Ɗanmaliki. Gari ya rabu. Su mazan biyu suna gaisawa a masallaci kamar kullum, amma mutanensu sun daina zama a inuwa ɗaya. Aka fara jin ƙishin-ƙishin wai an ga wani daga ɓangaren Ɗanmaliki a kasuwar Rogo yana raɗa da mai magani. Wa ya gani? Ba wanda ya sani, amma kowa ya ji.

Ana cikin haka Jibo ya sa kaset ɗin da ya ɓata komai. Wata dattijuwa ta fada, mai fara'a, wadda ta yi renon ɗan sarki tun yana zanin goyo, ta kawo masa abin sha a ɗan kwano. Ta gyara masa riga, ta shafa kansa. Ya sha yana murmushi. Kafin ya aje kwanon jini ya ɓalle masa ta baki.

"Ai ita ma tana da nata ɗan," in ji Jibo. "Shi take so ya hau."

Zauren ya yi tsit, sai ƙugin janareta. Kande na zaune a gefen Goggo Baraka a tabarma ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba wadda ta kalli wata. Da aka tashi, kowacce ta nemi takalminta ta kama hanya, ba su jero ba kamar yadda suka saba.

Daga ranar tsoro ya shiga zuciyar Goggo Baraka, ya ƙi fita. Ta yi ta'awizi, ta zagi kanta, ta ce wace irin tsohuwar banza ce za ta zargi Kande saboda wasan mutanen da ko sallama ba su iya ba. Amma da ta runtse ido sai ta ga kwanon nan. Kande ba za ta yi ba. To in wani ya bi ta bayanta ya barbaɗa wani abu a nonon fa? To in ita ɗin ce fa? Uwa ce ita ma.

A wasan ta ga ana tsoma cokalin azurfa a abincin ɗan sarki, Jibo ya ce in da guba baƙi yake yi. Ta ciro zoben azurfarta ta duba. Zoben ya riga ya yi baƙi ƙirin da tsufa, ko a ruwan zamzam aka tsoma shi haka zai fito. Ta mayar da shi yatsa tana tsaki.

Ta kira surukarta Zaituna, matar Hammawa.

"Ki ce wa wancan ya rage cin abincin waje."

"Goggo, ai ba ya ci. Daga tuwona sai furar Inna Kande."

Goggo Baraka ta auna maganar. In ta ce furar take nufi, kafin magariba gari ya ɗauka, zumuncin gidan ya tarwatse, kuma ita ce ta fasa shi. In ta yi shiru, wa ya san abin da gobe za ta kawo? Sai ta ce, "To, shi ke nan," ta sallame ta. Kuma ba ta fasa aika wa Ɗanmaliki dambunsa ba, don kada a ce wani abu.

Ranar Laraba aka yi shela cewa wakilin Hakimi zai zo daga Karaye ran Juma'a ya faɗi wanda aka zaɓa. Ranar Alhamis da hantsi, Goggo Baraka na tsintar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, ta ga Kande ta shigo da ƙwarya rufe da faifai. Da kanta ta kawo, ba aike ba. Suka gaisa, an tashi lafiya, ya gajiya, ya sanyin safiya, kowacce na kallon ƙasa. Kande ta miƙa wa Zaituna ƙwaryar ta fita.

Goggo Baraka ta bi ta da kallo. Me ya sa yau da kanta? Me ya sa ba ta zauna ba?

Hammawa ya shigo daga wajen shanu, ƙafafunsa duk raɓa da ƙaiƙayi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya zauna a gindin ɗorawar tsakar gida, Zaituna ta aje masa ƙwaryar. Ya buɗe faifai, ya juya ludayi, ya yi bisimilla, ya ɗago.

"Hammawa!"

Ludayin ya tsaya a iska. Zaituna ta saki tsintsiya. Shi kuwa waige-waige ya shiga yi, don bai san muryar da sunansa a cikinta ba. Da ya gane, sai ya zuba mata ido, baki buɗe, kamar yaron da aka tasa daga barci.

Goggo Baraka ta taso. Ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe yana da tabo a gira. Ba ta san yaushe ya same shi ba.

"Ba ni. Ƙishirwa nake ji."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kafa kai, ba ludayi ba komai, ta shanye tas har gudajin ƙasa. Ta goge baki, ta ɗauki ƙwaryar ta shige ɗaki.

Ta yi alwala, ta sa zaninta mai kyau, ta zauna a bakin gado tana jira. Cikinta ya yi ƙugi, ta ce to ga shi nan. Ya lafa. Harshenta ya yi zafi, ta ce shi ne, sai ta tuna citta da kanumfarin Kande. Azahar ta yi. Ta ji Hammawa ya zo ƙofar ɗakin ya tsaya, ya daɗe, ya koma. La'asar ta yi, ba abin da ya same ta sai gyatsa. A nan kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta fi ta ɗan fari nauyi nesa ba kusa ba.

Sai ga sallamar Kande, ta zo karɓar ƙwarya. Ta shigo ta zauna a ƙasa, ta dubi ƙwaryar, ta dubi zanin.

"Zaituna ta ce kin sha fura."

"Na sha."

"Har kin kira suna."

Goggo Baraka ta sunkuyar da kai.

"Ni na goya shi, Baraka," in ji Kande. Muryarta ba faɗa a ciki. "A bayana ya yi haƙori."

"Na sani."

Kande ta jawo ƙwaryar, ta shafa bakinta da yatsa. Ta daɗe tana shafawa.

"Dambunki ma bai kai wa wancan nawa ba," ta ce. "Tun ranar kaset ɗin. Ni nake cinyewa, in turo ƙofa, in zauna ina jira." Ta ja hanci. "Na shekaranjiya gishiri ya yi yawa."

Goggo Baraka ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Suka zauna, tsofaffi biyu, ba mai kallon wata. Daga can zauren aka ji Jibo na fama da igiyar janareta.

Kande ta miƙe da ƙyar, ta rufe ƙwaryar da faifai. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gobe in dama masa?"

Goggo Baraka ta buɗe baki za ta ce dama mana. Ga maganar a kan harshenta, kalma biyu kacal. Kande ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ɗaga labule ta fita da ƙwaryarta.